Ƙullutan saiwar wake: yadda suke samar da taki, da abin da suke bar wa gona

Tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa kasuwar iskar gas da ta takin zamani a duniya, buhun yuriya ya fara gagarar ƙaramin manomi. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara dagula lissafin. Manoma da dama a arewacin Najeriya sun rage masara, wadda ba ta yi sai da taki, sun karkata ga waken soya da wake da gyaɗa. Daga nan maganganu uku suka yawaita a rediyo da majalisun ƙauye da shagunan sayar da kayan noma. Wasu na cewa wake ba ya son taki ko kaɗan. Wasu na cewa wake shi ne ke ba ƙasa taki, duk inda aka noma shi bana baɗi masara za ta yi ba tare da an zuba komai ba. Wasu kuma na tallar wani baƙin gari a 'yar leda, wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka, ana cewa ya maye gurbin yuriya.

Kowace daga cikin ukun tana da ƙamshin gaskiya, kuma kowace tana iya jawo asara idan aka ɗauke ta yadda take. Abin da zai warware su yana ƙarƙashin ƙasa, a jikin saiwar shukar.

## Naitirojin: ga shi a sama, babu shi a ƙasa

Naitirojin shi ne sinadarin da shuka ke gina furotin da koren ganye da shi. Idan ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyen masara su ne ke fara yin ɗorawa-ɗorawa, karan ya tsumbure. Shi ne harafin farko a NPK, wato kamfa, kuma kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya shi ne. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin ke nan.

Abin mamaki, kimanin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne. Sai dai a cikin iska yana zaune ne bibbiyu, ƙwayar zarra biyu a ɗaure da ɗauri uku mai tsananin ƙarfi, kuma babu wata shuka ko dabba da ke iya kwance wannan ɗauri da kanta. Sai an raba su an haɗa kowace da haidirojin ta zama amoniya, sannan rayayyen abu zai iya amfani da ita.

Ɗan'adam ya koyi yin haka a masana'anta a farkon ƙarni na 20. Fritz Haber ya nuna hanyar a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita babbar masana'anta a 1913. Tana buƙatar zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500 da matsin iska mai tsanani, ga kuma iskar gas mai yawa. Wannan hanya ce masana'antar takin Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme suke bi har yau, kuma shi ya sa farashin yuriya ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da farashin gas.

Akwai wasu ƙananan halittu, nau'in bakteriya, da suka daɗe suna yin wannan aiki a cikin ƙasa ba tare da wuta ko matsi ba. Waɗanda ke zama a saiwar dangin wake ana kiran su raizobiya. Manoman dā a sassa daban-daban na duniya sun san cewa hatsi ya fi kyau a inda aka cire wake, amma ba a gane dalili ba sai a 1886, lokacin da Hermann Hellriegel ya gabatar da sakamakon gwajin da suka yi da Hermann Wilfarth a Jamus. Sun nuna cewa dangin wake na samun naitirojin daga iska, kuma ba sa iya hakan sai suna da 'yan ƙullutai a saiwarsu. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar da ke cikin ƙullutan ya rene ta ita kaɗai.

## Yadda ƙullutu ke samuwa

Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa a tsakiyar damina ya ga waɗannan ƙullutai, masu girma daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar wake, manne a jikin saiwa. Ba cuta ba ce, ba kuma ƙwan ƙwari ba ne. Wata gaɓa ce sabuwa da shukar ke ginawa da kanta domin ta saukar da bakteriyar.

Shukar ce ke fara kira. Idan ta ji ƙarancin naitirojin, saiwarta tana fitar da wasu sinadarai da ake kira filabonoid zuwa cikin ƙasa. Raizobiyar da ta dace da wannan shuka tana gane sinadarin, sai ta mayar da amsa da nata sinadarin, wanda masana a birnin Tulus na Faransa suka gano siffarsa a 1990. Saiwar tana da masu karɓar saƙo da ke tantance amsar. Idan ba ta dace ba, ba abin da zai faru. Wannan tantancewa ita ce tushen duk maganar garin cuɗa iri da za a zo kanta nan gaba.

Idan amsar ta dace, abubuwa biyu ke tashi lokaci guda. A waje, ɗaya daga cikin siraran gashin saiwa yana lanƙwashewa ya rufe bakteriyar a ciki, sannan shukar ta gina wani siririn bututu da bakteriyar ke bi tana hayayyafa har ta kai cikin naman saiwar. A can ciki kuma, ƙwayoyin jikin saiwar da suka riga suka daina rabuwa sai su sake fara rabuwa, su tara tsokar da za ta zama ƙullutu. Idan bututun ya iso, ana sakin bakteriyar cikin waɗannan ƙwayoyi, amma ba a barin ta sakaka. Shukar tana naɗe ta da wani tantani nata, kuma duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya ratsa ta wannan tantani. A nan bakteriyar ke daina yawo, ta sauya siffa, ta koma ba ta da aiki sai kama naitirojin.

Haka abin yake a wake da waken soya. Gyaɗa ta bi wata hanya dabam: ba ta amfani da bututun gashi, bakteriyar tana kutsawa ne ta 'yar tsagar da ke samuwa inda ƙaramar saiwa ta ɓullo daga babba. Shi ya sa ƙullutan gyaɗa suke taruwa a hammatar saiwoyi, ƙanana kuma masu yawa.

Aikin yana ɗaukar lokaci. Ana fara ganin ƙullutai mako ɗaya zuwa biyu bayan tsiro, amma kama naitirojin sosai ba ya kankama sai wajen mako na uku. Yana kai ƙololuwa daga fure zuwa farkon cikar ƙwaya, daga nan ya fara ja da baya.

## Abin da ke gudana a ciki

Abin da ke kwance ɗaurin nan uku wani sinadarin aiki ne mai suna naitirojines, wanda bakteriyar kaɗai ke iya haɗawa. A tsakiyarsa akwai ƙarfe da wani ma'adini mai suna molibdenam. Yana da lalura biyu, kuma fahimtarsu ita ce fahimtar duk sauran bayanin.

Ta farko ita ce cin ƙarfi. Kuɗin ƙarfi a jikin kowane mai rai wani sinadari ne da ake kira ATP, kuma kwance ɗaurin tagwayen naitirojin guda ɗaya tak yana cin aƙalla 16 daga cikinsa. Bakteriyar da ke kulle cikin saiwa ba ta da inda za ta samo wannan ƙarfi sai wurin shukar. Ganye ne ke haɗa sukari da hasken rana, a sauko da shi saiwa, a narka shi zuwa wani tsami da bakteriyar ke iya ƙonawa. Ita kuma ta miƙo amoniya. Banza ba ta kai zomo kasuwa: duk naitirojin da ya shiga jikin wake ta wannan hanya, an biya shi da sukarin da zai iya zama ganye ko ƙwaya. Shi ya sa waken da dawa ta rufe da inuwa, ko wanda ƙwari suka cinye wa ganye, yake kama naitirojin kaɗan ko da ƙullutansa na nan.

Lalura ta biyu ta fi sarƙaƙiya. Iskar oksijin tana lalata naitirojines nan take, lalatar da ba ta gyaruwa. Amma bakteriyar ba za ta iya samar da ƙarfin da take buƙata ba sai ta yi numfashi da wannan oksijin ɗin. Ana buƙatarsa da yawa, kuma ba a so ya taru.

Ƙullutu yana warware wannan da dabaru uku da ke aiki tare. A gefensa akwai wani zobe na ƙwayoyi da suka matsu da juna, wanda ke rage shigar iska, kuma shukar tana iya ƙara matse shi ko sassauta shi cikin ɗan lokaci gwargwadon hali. A ciki kuma shukar tana cika ƙwayoyinta da wani jan furotin mai suna leghimogulobin, ɗan'uwan wanda ke sa jinin mutum ja. Yana cafke ɗan oksijin ɗin da ya shigo ya kai shi wurin bakteriyar, ba tare da ya bar shi yana yawo ba. Ita ma bakteriyar tana sauya na'urar numfashinta zuwa wadda ke iya zuƙe oksijin ko da ya yi ƙaranci ƙwarai. Da haka oksijin ɗin da ke sake a tsakiyar ƙullutu yake zama ƙasa da na ruwan da ke fuskantar iska sau dubbai, alhali numfashi na tafiya da sauri.

Wannan jan furotin ya ba manomi ma'auni da ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Idan aka tsaga ƙullutu da farce aka ga cikinsa ja ko ruwan hoda, yana aiki. Idan fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna ko kuma bakteriyar da ta shiga ba ta da amfani. Idan kore ne ko baƙi-baƙi, ya tsufa ya daina. Yana da kyau a bambanta shi da kumburin da tsutsar saiwa ke haddasawa, irin wanda ake yawan gani a tumatir da kuɓewa, kuma yakan kama wake. Ƙullutu na gaskiya yana maƙale ne a gefe, ana iya ɓantare shi da yatsa saiwar ta saura lafiya. Kumburin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓantaruwa, kuma cikinsa ba ja ba ne.

Amoniya guba ce idan ta taru, don haka shukar ba ta aika ta sama yadda take. Wake da waken soya suna mayar da ita wasu sinadarai da ake kira yuriyaid, su tura su ganye ta jijiyoyin ruwa. Gyaɗa tana amfani da wani sinadarin dabam. Tun da ruwa ne ke ɗaukar kayan, idan fari ya shiga sai su taru a ƙullutu, shukar kuma ta rage aikin. A waken soya an tabbatar cewa kama naitirojin yana raguwa tun kafin ganye ya nuna alamar ƙishi. Cikar ruwa ma tana da tata illar: idan ruwa ya kwanta a gona kwanaki, iska ba ta isa saiwa, bakteriyar ta kasa numfashi, sai a ga waken soya ya yi ɗorawa a gonar da ruwa ya yi wa yawa.

## Linzami yana hannun shuka

Saboda tsadar wannan ciniki, shukar ba ta barin sa ya wuce kima. Ƙullutan farko suna aika saƙo zuwa ganye, ganye ya mayar da umarnin a dakatar da gina sababbi. A shekarun 1980 masu bincike a Ostireliya sun samu waken soya da wannan hanyar saƙo ta lalace a jikinsa. Saiwarsa ta cika maƙil da ƙullutai, amma shukar ta tsumbure, domin sukarin ya ƙare a ƙasa. Yawan ƙullutai kaɗai ba shi ne alamar alheri ba.

Shukar tana kuma hukunta bakteriyar da ta ci ba ta biya ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2003, Toby Kiers da abokan aikinta sun sanya ƙullutan waken soya a cikin iskar da aka cire wa naitirojin, ta yadda bakteriyar ba ta da abin kamawa. Shukar ta rage musu oksijin, hayayyafar bakteriyar a cikinsu ta ragu da kusan rabi.

Hanya ta uku da shukar ke jan linzami ita ce ta fi shafar aljihun manomi. Ɗaukar naitirojin da ke narke a ƙasa ya fi wa shuka sauƙi a kan ciyar da bakteriya. Idan ta same shi a wadace, sai ta daina kira, ta ƙi gina ƙullutai, waɗanda ke akwai ma su rage aiki su tsufa da wuri. Wanda ya zuba wa wake yuriya kamar yadda yake zuba wa masara ya sayi abin da shukar za ta samo da kanta, kuma ya rufe hanyar samowar. Sau da yawa sakamakon shi ne yaɗo da ganye mai yawa, fure ya yi jinkiri.

## To, wake na son taki ko ba ya so?

A nan ne magana ta farko ta gaza. Ƙullutu yana samar da naitirojin ne kawai. Ba ya samar da fosfaras, wato harafi na biyu a NPK, kuma yana cin sa fiye da sauran sassan shukar, domin ATP ɗin nan da fosfaras ake gina shi. Ƙasashen jigawa na arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa an san su da ƙarancin fosfaras. A irin wannan ƙasa wake zai yi ƙullutai ƙanana, 'yan kaɗan, masu rauni. Takin da ya dace da dangin wake shi ne supa, wanda bayan fosfaras yana ɗauke da kalsiyam da gyaɗa ke buƙata don cika kwanso, da kuma salfa. Takin gargajiya shi ma yana taimakawa, domin yana kawo ƙananan ma'adinai kuma yana riƙe danshi.

Inda masana suka rabu shi ne batun ɗan naitirojin na tashi. Ɓangare ɗaya na cewa tsakanin ƙarewar abincin da ke cikin ƙwayar iri da fara aikin ƙullutai akwai kwanakin yunwa, kuma a ƙasar da ta gaji sosai ɗan naitirojin kaɗan, kamar kilo 15 zuwa 20 a hekta, yana ba shukar ganyen da za ta ciyar da ƙullutan da shi. Jagororin noman wake da dama a Afirka ta Yamma suna kan wannan ra'ayi. Ɗaya ɓangaren, wanda masu binciken waken soya a Barazil suka fi ƙarfafawa, na cewa idan akwai bakteriya mai kyau da fosfaras, wannan ƙari ba ya ƙara amfanin da zai biya kuɗinsa, kuma yana iya jinkirta ƙullutai. Hujjojin sun fi nuna cewa saɓanin na ƙasa ne: abin da ya dace da rairayin da ya shekara ashirin ba hutu ba shi ne ya dace da gonar da ta sha takin shanu ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne ba a yi wa dangin wake zubi na biyu da yuriya.

## Baƙin garin da ake cuɗa iri da shi

Garin nan ba taki ba ne, ba kuma magani ba ne. Rayayyun raizobiya ne da aka zaɓo aka rena, aka zuba cikin wani gari mai danshi da ke riƙe su. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sayar da irinsa a Turai. A Najeriya, Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, tana haɗa wani mai suna NoduMax a Ibadan domin waken soya.

Amfaninsa ya dogara da tantancewar da aka ambata a baya. Wake da gurjiya 'yan asalin Afirka ne, kuma ba su cika zaɓe ba wajen karɓar bakteriya. Ƙasarmu cike take da nau'o'in Bradyrhizobium, wani rukuni na raizobiya, da suke jituwa da su. Gyaɗa, duk da cewa daga Kudancin Amurka ta zo, ita ma tana karɓar da yawa daga cikinsu. Waken soya kuwa daga gabashin Asiya ya fito, kuma irin da aka inganta a Amurka ba ya amsa kiran yawancin bakteriyar da ke nan. Masu binciken IITA sun lura cewa wasu tsofaffin iri, kamar wanda ake kira Malayan da manoman Binuwai suka daɗe suna nomawa, suna yin ƙullutai ba tare da an cuɗa musu komai ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 suka shiga haɗa wannan hali da yawan amfani, aka samu jerin irin da sunansu ke farawa da TGx, waɗanda su ne suka buɗe wa waken soya hanya a Kaduna da Kano da sauran jihohi.

An daɗe ana ganin cewa wannan ya kashe buƙatar garin. Shirin N2Africa, wanda Farfesa Ken Giller na Jami'ar Wageningen ya jagoranta daga 2009 zuwa 2019 a ƙasashen Afirka da suka haɗa da Najeriya da Gana, ya sake duba batun a gonakin manoma. A gwaje-gwajen da aka yi a arewacin Najeriya a 2011 da 2012, garin shi kaɗai ya ƙara amfanin waken soya da sama da kilo 400 a hekta a matsakaici, supa shi kaɗai ya ƙara kwatankwacin haka, haɗa su biyun kuma ya ƙara sama da kilo 700. Amma bambanci tsakanin gona da gona ya yi yawa ƙwarai. Wasu sun ga ƙari mai yawa, wasu ba su ga komai ba. Giller yakan bayyana dalilin da cewa abubuwa huɗu ne ke ninka juna: irin shuka, irin bakteriya, yanayin wuri, da yadda aka kula da gona. Idan ɗaya ya faɗi, sauran ba sa ɗaga shi.

A wake da gyaɗa sakamakon bai kai na soya tabbas ba. Wasu gwaje-gwaje a arewacin Gana da aka yi da bakteriyar da aka zaɓo a Barazil sun nuna ƙari a wake, amma a wurare da yawa bakteriyar gida tana riga wadda aka kawo shiga saiwa, sai kuɗin ya tafi a banza.

Barazil ce ke nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa. Tana cikin manyan masu noman waken soya a duniya, kuma kusan ba ta zuba masa takin naitirojin, sai cuɗa iri da bakteriya kowace shekara. Mariangela Hungria ta hukumar binciken noma ta Embrapa ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2025 saboda aikinta a wannan fanni. Sai dai can akwai dokar inganci da ake bi da kuma hanyar rarrabawa mai kiyaye kayan. Tun da abin da ke cikin ledar mai rai ne, zafi yana kashe shi. Ledar da ta yi makonni a rumfar kwano a watan Afrilu tana iya zama gari kawai, kuma mai saye ba shi da yadda zai gane da ido. Ko mai kyau ne, sai an cuɗa a inuwa da ɗan ruwan ƙaro ko na sukari don ya manne, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Wasu magungunan da ake wanke iri da su suna kashe bakteriyar. Garin soya kuma ba ya yi wa masara ko shinkafa komai.

## Nawa ne ke saura a gona?

Magana ta biyu, cewa wake na ba ƙasa taki, ita ce ta fi buƙatar lissafi. Shukar ba ta kama naitirojin don ƙasa. Tana kama shi don ƙwayarta, kuma idan ta fara cika ƙwaya tana kwaso shi daga ganye da kara ta zuba a can. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar waken soya furotin ne, don haka tan ɗaya da aka kai kasuwa ya fita da kimanin kilo 60 na naitirojin, fiye da abin da ke cikin buhun yuriya biyu da rabi. A matsakaici kuma, abin da waken soya ke samu daga iska bai wuce rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na buƙatarsa ba. Sauran daga ƙasa yake ɗauka. Idan aka kwashe ƙwaya aka kuma kwashe karan, gonar tana iya tashi da ragi maimakon ƙari.

A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin batu ba ne, saboda harawa. Harawar wake da ta gyaɗa abincin dabbobi ne mai daraja da tsada a rani, kuma yawancin naitirojin da bai shiga ƙwaya ba yana cikinta. Ba laifi ba ne a kwashe ta, domin ita ke riƙe tumaki da awaki har damina. Amma naitirojin ɗin ba ya komawa gona sai idan an mayar da kashin dabbobin, kuma wani kaso yana salwanta a hanya, musamman na fitsari da wanda rana ta buga a fili. Harawar da aka loda a mota zuwa kasuwar birni kuwa ta tafi ke nan. Abin da ke saura tabbas shi ne saiwa da ƙullutai da ganyen da ya zuba kafin girbi. Ta wannan fuska wake mai yaɗo, mai daɗewa a gona, ya fi mai saurin nuna barin wani abu a baya.

Duk da haka, hatsin da ya biyo bayan dangin wake yakan fi wanda ya biyo bayan hatsi kyau, kuma an auna hakan sau da yawa a yankin. Naitirojin ɗin da ya saura ɓangare ne na dalilin. Wani ɓangaren shi ne waken bai zuƙe na ƙasa kamar yadda masara za ta zuƙe ba. Akwai kuma katse zagayen cututtuka, da batun wuta-wuta: saiwar waken soya tana sa irin wuta-wutar da ke kama dawa da masara ya tsiro, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu. Abin da ya dace a sa rai shi ne ragin yuriyar da masara za ta buƙata, ba yafe ta gaba ɗaya ba.

Shukar haɗe ma tana da tata iyakar. Geron da ke kusa da wake ba ya samun wani abin kirki daga gare shi a wannan daminar, domin naitirojin yana kulle a jikin waken har sai ya ruɓe. Kuma inda aka warwatsa wake jefi-jefi a ƙarƙashin gero ko dawa, yawansa a hekta ya yi kaɗan, inuwa kuma ta rage masa sukari. Wannan na cikin dalilan da suka sa tashar IITA ta Kano ta yaɗa tsarin layi 2 na hatsi da layi 4 na wake.

Ba kowane ɗan dangin wake ne ke yin ƙullutai ba. Tafasa ba ta yi, ɗorawa ma haka. Gawo yana yi, amma albarkar da ake gani a ƙarƙashinsa a Damagaram da Maraɗi ba daga ƙullutai kaɗai take ba. Yana zubar da ganye da damina, sannan dabbobi suna taruwa a inuwarsa da rani suna barin kashi.

## Hatsi fa, da kuma tallafin taki

Ana yawan tambaya ko za a kai ga masara ko shinkafar da ke yin ƙullutai. Masu bincike, ciki har da ayarin da Giles Oldroyd ya jagoranta a Ingila, sun gano cewa hatsi yana da wani ɓangare na hanyar saƙon da wake ke amfani da ita, domin da ita yake hulɗa da wasu nau'o'in naman gwari masu taimaka wa saiwa. A 2018 kuma an wallafa bayanin wata masarar gargajiya a yankin Wahaka na Meziko da ke samun naitirojin daga bakteriyar da ke zaune cikin yauƙin saiwoyinta na sama. Duka biyun suna matakin bincike, babu irin da manomi zai saya.

Abin da ke hannu yanzu ya shafi yadda ake tsara tallafi. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, amma rabon takin gwamnati ya fi karkata ga kamfa da yuriya, wato buƙatar masara da shinkafa. Manomin wake ko soya da ya karɓi wannan rabo ya samu naitirojin ɗin da zai iya danne ƙullutansa, kuma fosfaras ɗin da ke ciki bai kai abin da yake nema ba. Supa yakan yi wuyar samu a kasuwannin ƙauye a lokacin shuka, garin cuɗa iri kuma ba shi da wurin ajiya mai sanyi a yawancin shagunan da ke kusa da manoma. Malamin gona da zai tuge shuka biyu ko uku a mako na biyar zuwa na shida, ya wanke saiwar ya tsaga ƙullutan a gaban mai gona, zai iya gaya masa ko matsalarsa rashin bakteriya ce, ko fosfaras, ko kwanciyar ruwa, tun da sauran lokacin gyara shirin baɗi.